Rijiya, Lungu Da Dandali: Wa Zai Gyara?

Mutanen Rikoto da na sauran unguwannin Zuru, da ku na Dabai, da Senchi, da Tadurga, muna gaishe ku. Wanda ya sami wannan 'yar takarda a ɗakin shan magani, in ya iya karatu, ya daure ya karanta da ƙarfi domin na kusa da shi su ji.

Maganarmu ta yau a kan wuraren nan ne da kowa ke mora, amma ba mai cewa nasa ne: rijiyar unguwa, da kududdufi, da lungu, da juji, da bakin kasuwa, da dandali. Ko wane magidanci ya san iyakar gidansa. Uwargida ta kan share tsakar gida tas, ta kwashe sharar ta zuba bayan katanga, ta koma ciki tana ganin ta gama aiki. To, sauro bai san katanga ba, ƙuda kuwa ba ya sallama a zaure. Zazzaɓi da gudawa, waɗanda suka fi kawo mana yara, sau da yawa a waɗannan wurare na waje a ke haihuwarsu, sa'an nan su biyo ka har kan tabarmarka. Saboda haka lafiyar gidanka tana rataye da gyaran abin da ke bayan ƙofarka.

Yadda Na Da Suka Yi

Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun daɗe suna zaune a kan duwatsun ƙasar nan saboda tsaro, kafin su sauko fili da zama ya yi sauƙi. Mutanen da suka zauna haka kusa da juna sun san ba a rayuwa sai da taimakon maƙwabci. Dubi al'adar golmo, inda saurayi ya kan yi shekaru yana noma wa surukinsa, shi da abokansa a ƙungiya, yau a gonar wannan gobe a ta wancan. Dubi aikin gayya, wanda da shi a ke ɗaga jinka, a yaɓe rumbu, a gyara hanya. A cikin ayyukan nan kowa ya san ranarsa, ya san shugabansa, ya san kuma kunyar da zai sha in bai fito ba.

Yau gari ya girma. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Makarantar aikin gona ta Zuru ta zama jami'ar tarayya a 2020. Rashin zaman lafiya a ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba ya sa bayin Allah da yawa sun taso sun shigo gari. Rijiyar da aka haƙa domin gidaje kaɗan, yanzu ninkinsu ke ɗiba. Ɗan haya yana cewa gyara na mai gida ne, mai gida yana cewa na ƙaramar hukuma ne, kwata kuwa tana nan tana wari.

Tsofaffi suna tuna zamanin En'e, sa'ad da duba-gari ke shiga gida-gida yana leƙa randa, wanda aka sami tsutsa a ruwansa a ci shi tara. Waɗansu kuma suna tuna sharar gari ta dole da aka yi a mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, tsakanin 1984 da 1985. An ga amfaninsu, babu shakka. Amma tsabtar da tsoro ya kawo ta kan tafi ran da aka ajiye bulala. Wadda za ta dawwama ita ce wadda mutanen unguwa suka ɗora wa kansu.

Rijiya

Mu fara da rijiya, gama ita ce uwar unguwa. A 1854 ciwon amai da gudawa, watau kwalara, ya faɗa wa wata unguwa a birnin Landan na Ingila, mutane ɗaruruwa suka mutu cikin 'yan kwanaki. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya ga yawancinsu a famfo guda suke ɗiban ruwa. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya aka gane ƙazantar wani ramin bayan gida da ke daf da rijiyar ce ke tsiyaya ciki. Abin da ya faru can yana faruwa nan. A 2021 kaɗai, an ƙidaya mutum fiye da 100,000 da a ke zaton kwalara ta kama a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi shan wuya.

Ga yadda rijiya mai kyau ta ke. Bakinta a ɗaure da siminti, a ɗaga shi sama kamar ƙafa 3, domin kada yaro ko akuya su faɗa, kada kuma ruwan sama ya kwaso dauɗa ya zuba ciki. A kewaye ta da daɓen siminti mai faɗin ƙafa 6, mai ɗan gangare zuwa waje, da 'yar magudana wadda za ta kai ruwan da ya zube cikin rami cike da duwatsu, inda ƙasa za ta shanye shi. A yi mata murfi. A sami guga guda da igiya guda na rijiyar kanta, a rataye su a kan gwafa. In ko wace mace ta zo da nata gugan, wanda ya kwana a ƙasa inda kaji ke yawo, to, ƙazantar gida 20 ce ta haɗu a ruwa ɗaya. Masai kuwa kada ya kusanci rijiya da abin da ya gaza ƙafa 100, watau wajen taki 40 na babban mutum, ya zama kuma yana ta gangare, rijiya tana ta tudu.

Daɓe in ya tsage a liƙe shi nan da nan. Buhun siminti ɗaya a yau ya fi sauƙi bisa kuɗin ƙarin ruwa na yara biyar a asibiti. Yasa kuma a yi ta sau ɗaya a shekara, da bazara, sa'ad da ruwa ya ja baya. Ku ji wannan da kyau: kafin mutum ya shiga rijiya mai zurfi, a fara zura fitila mai wuta da igiya. In ta mutu, iskar ƙasan ba ta da kyau, kada kowa ya shiga. Mai shiga kuma a ɗaura masa igiya a ƙugu, da ƙarfafa biyu a sama suna riƙe. In an gama yasa, ku zo wurin ma'aikatan lafiya su nuna muku yadda a ke zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a koma sha.

Inda aka sami rijiyar burtsatse, kada a ce an huta. Famfo yana da robobi da ƙarafa masu cinyewa, yana bukatar man shafawa da ɗaure kusoshi. In ya lalace ba kuɗin gyara a hannu, mata za su koma rafi, cuta kuma ta dawo tare da su.

Kada wani ya ce ƙaramin aiki irin wannan ba ya korar babbar cuta. Ku tuna da kurkunu, wanda ya kan kwantar da manomi a tsakiyar damina. Da aka yi ƙidaya a 1988, an sami fiye da mutum 650,000 da shi a Nijeriya. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Abin da aka yi shi ne tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi, da naɗa mutum guda a ko wane ƙauye wanda aikinsa ne ya sa ido. Janar Yakubu Gowon da kansa ya bi ƙauyuka yana wa'azin haka. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa mun rabu da shi.

Kududdufi Da Sauro

Ko wane tsohon gari na ƙasa yana da ramukan da aka ɗebi ƙasar gininsa. Da damina su cika, su zama kududdufai. Macen sauro, wadda ita ce mai cizo, ta kan yi ƙwai a kan ruwan da ke kwance. Irin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan ruwa marar zurfi wanda rana ke duka: gefen kududdufi, da sawun shanu, da gurbin tayar mota, da ramin da magini ya bari. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana 7 ne zuwa 10 a lokacin zafi. Wannan lissafi shi ne makaminku. In ko wane mako an zaga an cike ƙananan ramuka, an kife tsofaffin gwangwanaye da kasake da tayoyi, 'ya'yan sauro za su mutu tun ba su yi fiffike ba.

Abin ya shafe mu ƙwarai. A binciken da gwamnati ta yi a 2021, an gwada jinin ƙananan yara a ko wace jiha, aka tarar a Kebbi cikin yara 100, 49 suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin nan. Babu jihar da ta kai mu. Tun 1954 aka fara gwajin fesa magani a ɗakuna a wajen Birnin Kebbi, amma kafin shekara biyu aka ga sauro ya fara saba wa ɗaya daga magungunan, ba ya mutuwa. A watan Disamba na 2024 aka soma yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, Kebbi da Bayelsa ne jihohin farko. Ku kai 'ya'yanku, ku cika allurar duka, ku kwana cikin gidan sauro. Amma allurar tana rage ciwon ne, ba ta kawar da shi gaba ɗaya, don haka aikin fartanya da kwando yana nan.

Babban kududdufi wanda ba shi cikuwa, a nome ciyawar gefensa, a daina zuba shara ciki, a bar kifi ya zauna, gama kifi yana cin 'ya'yan sauro. A hana yara wanka da fitsari a ciki. Dalili kuwa shi ne tsargiya. Mai tsargiya in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen cutar su kan ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan katantanwa, bayan 'yan makonni su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Yaron da ke fitsarin jini ba alamar balaga ya nuna ba, ciwo ne, yana da magani, ku kawo shi.

Lungu, Juji Da Kasuwa

Lungu hanyar mutane ce, hanyar ruwan sama ce kuma. Wanda ya tura katangarsa ya ci ƙafa 2 na lungu ya tare wa ruwa hanya, ya tare wa motar ɗaukar mai naƙuda, ya tare wa masu ɗaukar gawa. Kwatar wanka kada a sake ta a lungu. Ko wane gida ya haƙa rami a gindin katangarsa, ya cika da duwatsu, ya rufe. Leda kuwa, wadda kakanninmu ba su sani ba, ba ta ruɓewa. Ita ke toshe lambatu, ita ke kashe awaki in sun ci, hayaƙinta kuma yana cutar da ƙirji. A ware ta dabam.

Juji a yi masa wuri guda sananne, nesa da rijiya da inda a ke sayar da abinci. Abin da ke ruɓewa, kamar ɓawo da toka da kashin dabbobi, a tara a rami a riƙa rufewa da ƙasa, kafin shuka ya zama taki mai kyau. Jujin da aka bari a buɗe gidan ƙuda ne da ɓera. Ƙuda ya kan sauka a kan kashi, ya tashi ya sauka a kan tuwon yaro. Ɓera kuma shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. Fitsarinsa da kashinsa a kan hatsi ko garin da aka shanya a bakin hanya sun isa su sa wa mutum ciwon. A shanya abinci a kan abin da ke sama da ƙasa, a rufe tukwane, a toshe ramukan gindin rumbu.

Kasuwa da makaranta da wuraren ibada duka suna bukatar masai, na maza dabam na mata dabam, da murfi a bakin ramin, da ruwa da sabulu a ƙofa. In babu sabulu, toka ta yi. Amma masai na jama'a wanda ba shi da mai shara, cikin wata guda zai zama abin gudu, mutane su koma bayan gari. Kafin a aza tubali, a san wanda zai riƙa wankewa da abin da za a riƙa ba shi. A 2022 aka shaida Jigawa a kan ita ce jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili. Mutanen karkara ne kamarmu.

In duk da haka gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, a kawo shi ba da jinkiri ba.

Tsohon Gini

Waɗansu suna tsammani sabunta gari shi ne a rushe na ƙasa a kafa na bulo da kwano. A yi hattara. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na kwano sanyi da bazara, rumbunan ƙasar Zuru masu zane kuwa abin alfahari ne, kuma suna ajiye dawa lafiya. Abin da ginin ƙasa ke so shi ne yaɓe a kan kari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka nan kunama da kuɗin cizo. Kafin ruwan farko a liƙe tsaga, a sabunta jinka, a gyara indararo domin ya jefa ruwa nesa da gindin bango, a tara ƙasa a gindin ta yi gangare. Makuba, wadda a ke yi da ɓawon ɗorawa, tana taimakon yaɓe ya jure wa ruwa. Shafa siminti a kan bangon ƙasa ba tare da gwani ba ya kan ɓoye laima a ciki, wata rana ya ɓamɓare gaba ɗaya.

A birnin Jenne na ƙasar Mali akwai babban masallaci na ƙasa wanda aka sake ginawa a 1907. Abin da ya riƙe shi fiye da shekara 100 shi ne mutanen garin su kan fito a rana guda, mata na ɗauko ruwa, samari na hawa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, su yaɓe shi sabo.

Kango kuwa, da katangar da ta karkata a kan lungu, kada a jira watan Agusta ya yanke musu hukunci, gama a gindinsu yara ke wasa. A nemi magada, ko su gyara ko a sauke. Dandali a kiyaye iyakarsa, kada a yanka shi filoti. Nan yara ke wasan dare, nan a ke kokawa, nan a ke taron allurar rigakafi. Tsohuwar tsamiya ko ɗorawa in ta fara mutuwa, a dasa wata kusa da ita da farkon damina, a kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Makabarta a nome ta, a kewaye, kada ta zama juji.

Suna, Rana Da Asusu

Duk abin da muka faɗa zai tsaya a baki in ba a yi abu uku ba.

Na farko, suna. Mai unguwa ya tara jama'a, Musulmi da Kirista da masu bin al'ada, 'yan gari da baƙi, gama ruwa ɗaya kuke sha. Ko wace rijiya, ko wane lungu, ko wane masai, a ambaci sunan mutumin da zai lura da shi, a rubuta. A sa mata a ciki, su ne suka fi kowa sanin ranar da ruwa ya sake ɗanɗano. Ƙasar Zuru ta yi suna wajen aikin soja. Tsofaffin sojojin da ke cikinku sun san yadda a ke tsare tsabtar bariki, ku ba su jagorancin samari.

Na biyu, rana. Safiya ɗaya a ko wane mako domin shara da cike ramuka, a zaɓi wadda ba ta faɗa kan kasuwa ko ibadar kowa ba. Manyan ayyuka kuma a raba su bisa shekara. Bayan girbi, kafin bikin Uhola, a gyara dandali da hanyoyi. Cikin Maris da Afrilu a yi yasar rijiya, da yaɓe, da kwashe lambatu. Da saukar ruwa a dasa itatuwa. Daga Yuni zuwa Oktoba a tsananta wa ruwan kwance.

Na uku, asusu. Ko wane gida ya riƙa ba da ɗan abin da aka amince a kai ko wane wata, wanda ba shi da kuɗi ya ba da tiyar dawa ko ƙarfinsa. Mai riƙon kuɗi dabam, mai rubutu dabam, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan wata uku-uku. Rashin bayyana lissafi shi ke kashe yawancin ƙungiyoyi. Aikin da ya fi ƙarfinku, kamar kwalbati ko sabuwar rijiyar burtsatse, ku kai kuka ga kansila da ƙaramar hukuma ta hannun hakimi, a rubuce, tare da nuna abin da ku kuka riga kuka yi. Hukuma ta fi saurin jin wanda ya ɗauko kayansa ya kai gwiwa.

Kai da ke zaune a kan bencin nan kana jiran a kira ka, in ka karɓi maganinka za ka koma gida, ka bi ta wajen rijiyar unguwarku. Duba daɓen, duba murfin, duba inda guga ya kwana. Sa'an nan ka tambayi na kusa da kai sunan mai lura da ita. In ba wanda ya iya faɗa maka, to, ka san maganar da za ka kai wa mai unguwa yau da dare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ƙasarmu zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.